Gwangwanin Da Na Cire Daga Kayanka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Wannan takarda ta fito daga hannun mahaifinka, Garba magini na Tudun Wadan Zariya, zuwa ga ɗana Isiyaku. Ina gaishe ka da gajiyar hanya, ina gaida iyalinka Ladi. Allah Ya sa jirgin ƙasa ya sauke ku Jos lafiya, Ya tsare ku daga sanyin da ake ba da labari, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aikinka. Innarka tana gaishe ku. Ta ce in gaya maka ka riƙa rufe kunnenka da safe. Na ce mata ai ka girma, ta ce in dai rubuta, to ga shi na rubuta.

Bayan haka, za ka sami takardar nan cikin buhun kayan aikinka, a naɗe cikin tsohuwar rigarka, daidai inda ka ɓoye gwangwanin farin fenti. Gwangwanin ba ya nan. Kada ka zargi ɗan dako, kada ka ɗaga wa Ladi murya. Ni na cire shi da safen tafiyarku, kana can ƙofar gida kana sallama da abokanka. Na san ba sata ka yi ba, ragowar aiki ne aka bar maka. Na kuma san abin da ka yi niyya da shi. So kake ka shafe ɗakin da za a ba ku ya yi fari fat, matarka ta haihu a ɗakin da ya fi na kowa kyau a layin. Ba wanda ya gaya mini. Na sani ne don ni ma na taɓa yin wannan niyya, ni kuwa ba wanda ya cire mini gwangwanina.

Na so in yi maka maganar nan baki da baki. Tun da ka ce ka sami aikin shafe gidajen masu haƙar kuza nake juya ta a zaure, amma duk sa'ad da na buɗe baki sai in ji ina tambayarka ko ka sayi igiyar ɗaure kaya. Ka yi ta amsa mini cewa ka saya, har ka fara kallona kamar tsufa ya taɓa ni. Ba tsufa ba ne. Takarda ce kawai ta fi mini sauƙi, don ba ta kallon idon mutum. Ka zauna ka karanta ta har ƙarshe, sannan ka yi fushinka in ya rage.

Ka san kakanka magini ne a cikin birni, ka riske shi da ɗan ƙarfinsa. A hannunsa na koyi yaɓe da shafe da zanen fuskar zaure. Ya koya mini jiƙa ɓawon ɗorawa har ya zama makuba, ya koya mini tace farar ƙasa, da yadda ake dama laso na shafe soro. Ina saurayi Turawa suka fara gine-ginensu a hayin Kubanni, suna neman masu hannu. Na je don in gani, sai na zauna. Ranar da aka fara buɗe gwangwanin fenti a gabana, na ga farin da ban taɓa gani ba. Ka shafa shi ya bushe, ka jingina da baƙar riga ka tashi ba ko alama. Ruwa ya doke shi ya zame. Na dubi abin, na tuna farar ƙasarmu da ke bin rigar baƙo gida, sai na ji kunyar sana'ar ubana ta kama ni.

Na kawo ɗan kaɗan gida a ƙoƙo don in nuna wa kakanka. Ya kai shi hanci, ya janye kai.

Ya ce, "Garba, abin da ya sara mini kai tun ina shinshinarsa, wanda zai kwana cikinsa fa?"

Na ce, "Baba, ai Turawa cikinsa suke kwana, ga su nan da ƙibarsu."

Ya ce, "Ni dai ban san shi ba. Kada ka shafa mini shi a gida."

Na yi dariya a gabansa. Dariyar nan ita ce kuskurena na farko, don daga ita magana ta yi tsami tsakaninmu. A lokacin ana yanka filaye a Tudun Wada, wuri duk ciyawa da baƙi daga gari-gari. Na nemi fili, na tada ɗaki da ɗan zaure, na ɗauki innarka tana amarya muka fita ta Ƙofar Doka. Kakarka ta biyo mu har bakin ƙofa tana cewa yarinyar nan fa da ciki, wa zai duba ta a can. Na ce mata Tudun Wada ba bangon duniya ba ne. Gaskiya na faɗa, tafiyar ba ta da nisa. Amma mutumin da ya fita da fushi, ko gida na kallon gida, nisa ne.

Don haka abu na farko da nake roƙonka, da ka sauke kaya ka nemi dattijuwa a unguwar da aka sa ku. Ko wace ƙabila ce, in dai ta haifa ta raina. Ka kai mata goro, ka durƙusa, ka ce ga 'yarta nan ka kawo mata. Kada girman kai ya sa ka ce za ku iya ku biyu. Mu ma mu biyu ne.

Da haihuwa ta matso, na roƙi ragowar fenti a wurin aiki aka ba ni. Na shafe ɗakin innarka ciki duka, har da dokin ƙofa da itacen bakin ƙofar. Isiyaku, ɗakin ya yi kyau, ba zan yi maka ƙarya ba. Mata suka riƙa zuwa daga Gyallesu da Tudun Jukun, wai sun zo barka, alhali bango suka zo gani. Wata ma ta shafa hannu ta duba tafinta ta ce ikon Allah. Ina zaure ina jin su, kaina yana ƙara girma. Gwangwanin da ya ƙare kuwa na miƙa wa innarka. Ta wanke shi da toka da yashi har ya yi ƙyalli, ta ajiye shi kusa da jerenta. A lokacin ba kowace mace ke da gwangwani mai murfi ba.

Ni magini ne ɗan magini, ya kamata in san bangon ƙasa yana shan ruwa da damina ya amayar da rani. Makuba da farar ƙasa suna barinsa ya yi haka. Fenti kuwa ya toshe shi. Damina ɗaya ta wuce, bangon ya fara kumbura daga ƙasa, yana ɓarewa yana zubo ɓawo farare ƙanana a gindin bango. Innarka ta share da safe, da yamma wasu sun zubo. Na ga haka na ce zan sake shafawa in na sami wani ragowar.

Ka san an haifi yarinya kafin kai. Abin da aka gaya maka ke nan, cewa an yi wata ta koma. Ba ka taɓa jin sunanta a bakina ko a bakin innarka ba, kai ma da yake kana da hankali ba ka taɓa tambaya ba. Ita ce 'yar fari, ka kuwa san yadda muke da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ni da innarka muka riƙe kunyar nan da hannu biyu, har muka fi na cikin birni, don kada a ce mun fita gari mun zubar da tarbiyya. In zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan". Innarka ko "waccan" take cewa.

Abin da ban yi tunani ba shi ne wannan. A gidan kakanka, in uwa ta kau da kai daga ɗan fari, akwai kaka da ta riga ta goya shi. Akwai gwaggo, akwai matar baffa. Kunyar uwa ba ta cutar da yaro, don idanu sun yi yawa a kansa. Mu muka ɗauko kunyar muka taho da ita Tudun Wada, muka bar kakar a birni.

Yarinyar ta yi rarrafe da wuri. Ta kama dokin ƙofa ta miƙe, ta bi bango tana dafawa. Kowane yaro yana lasar bango, kai ma ka lasa, ni ma an ce na lasa. Uwaye ba sa hanawa sosai, farar ƙasa ce, me za ta yi? Ita ma ta lasa. Ta ɓare ɓawon nan ta kai baki. Haƙora na fito mata, ta sami itacen bakin ƙofa tana gurgura. Kokonta kuwa a gwangwanin nan ake dama mata, don shi ne abu mafi kyau a ɗakin, innarka kuma ta wannan hanya kaɗai take iya nuna mata so ba a gani ba.

Akwai wata rana da ba ta barina. Na dawo daga aiki da la'asar tare da abokin aikina Tanko, wanda ka sani da shanyayyun hannuwa, a lokacin kuwa ƙato ne mai ɗaukar tsani shi kaɗai. Na shiga ɗauko mana ruwa, yana biye da ni har bakin zaure. Tana zaune a dokin ƙofa, bakinta duk fari. Da ta gan ni sai ta saki itacen ta ɗago hannuwa biyu. Na ga farin nan a leɓenta da idona. Zuciyata ta ce in ɗauke ta in share mata baki. Sai na tuna Tanko yana kallo. Na tsallake ta na wuce wajen randa. Tanko ya yi dariya ya ce, "Garba, kai dai Bazazzagin asali ne, kunyarka ta yi." Na ji daɗin yabon.

Ciwon bai zo da gudu ba. Da farko ta daina cin abinci. Cikinta ya ɗaure, ta yi kwanaki ba ta zagaya ba, tana kuka tana naɗe ƙafafu. Ta riga ta fara taku, sai ta daina, ta koma zama. Innarka tana gani, amma yaya za ta zo ta ce wa mijinta 'yarta ta fari ba ta da lafiya? Sai ta riƙa faɗa wa iska. Ina alwala a tsakar gida in ji tana cewa, kamar da kaji take, "Yau ma waccan ba ta taɓa kokon ba." Ina ji sarai. Na gane da ni take. Sai in ce, ni ma kamar da buta nake, "Haƙori ne." Haka muka yi ta magana ta bayan juna, yarinya tana ƙarewa a tsakaninmu. Da ɗayanmu ya ajiye kunya ya aika birni, da kakarka ta zo ta ɗauke ta ta fitar da ita daga ɗakin, ko ba ta san dalili ba. Ni kuwa ga kunya, ga fushin da ban gama yi da kakanka ba.

Ranar wata Alhamis da azahar aka aiko mini wurin aiki. Na tarar tana jijjiga, tana taune haƙora, idanu sun juye. Maƙwabta sun cika ɗakin, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce mayu. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Innarka tana tsaye a bakin ƙofa ta juya baya, don ko a lokacin ba ta yarda a ga hawayenta ba. Kafin la'asar Allah Ya karɓi abarSa. Aka naɗe ta aka miƙo mini, na ɗauke ta zuwa maƙabarta. Isiyaku, ranar ce ta farko da na ɗauki 'yata a gaban mutane. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Na ce ajali ne, kuma ajali ne, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma ajali yana da sanadi, sanadin kuma ban gane shi ba sai da aka jima. Muka ci gaba da kwana a ɗakin. Innarka ta yi ciki ya zube, ta sake yi ya zube. Ni kuma na ci gaba da halina. In na dawo da burushi sai in wanke shi da kananzir a bayan gida, in zubar da ruwan a kwata, in jefar da gwangwani a juji da ɗan saura a gindinsa. Wata safiya na ji hayaniya a bayan katanga. Akuyar maƙwabcinmu ce ta sa kai a gwangwanin da na yar, ta lashe shi tas. Na same ta tana zagaye wuri ɗaya, tana taune haƙora, can ta faɗi tana shure-shure, idanu a juye. Yara suna dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, don na taɓa ganin wannan taune-taunen, kuma ba a jikin akuya ba. Na biya mai akuya, na rufe bakina, na ce wa zuciyata kama ce kawai.

Sai hannuwan Tanko suka fara shanyewa. Ya daɗe yana fama da murɗar ciki, muna yi masa tsiya wai kwaɗayin ɗanwake ne. Wata rana yana kan tsani burushi ya faɗi daga hannunsa, ya kasa ɗaga wuyan hannun. Na raka shi wurin masu magani na mishan. Akwai wani Malam Yohanna a can, Bahaushe ne Kirista, mutum mai sanyin magana. Ya ɗaga leɓen Tanko ya nuna mini wani baƙin zare da ya bi dasashinsa. Ya tambayi sana'armu. Da muka faɗa sai ya ce farin fentin nan da dalma ake yinsa, tana shiga jiki ta baki da ta hanci, in ta shiga kuma ba ta son fita.

Ya ce, "Ku manya tana ɗaukar shekaru kafin ta kada ku. Yara ne abin tsoro. Ka san zaƙi gare shi a harshe, in yaro ya ɗanɗana ba ya bari. Ba dai kwa kai shi gida ko, Malam Garba?"

Na ce, "A'a."

Na dawo gida ban tsaya ko'ina ba. Innarka tana daka. Na shiga ɗakin na durƙusa a bakin ƙofa, daidai tsawon yaro mai koyon tsayuwa. Sawun haƙoranta suna nan a jikin itacen, ƙanana, a jere. Kullum ina wuce su, ban taɓa sunkuyawa ba. Na ɓari ɓawon fentin na ɗora a harshena. Zaƙi gare shi, Isiyaku. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Innarka ta ajiye taɓarya ta zo ta tsaya a kaina, na gaya mata duka. Ba ta zage ni ba. Ta shiga ta ɗauko gwangwanin kokon, wanda har lokacin ta ƙi rabuwa da shi, ta ajiye a gabana ta ce, "Ni na dama mata a ciki." Na ce ni na ba ki. Ba mu sake maganar ba sai shekaranjiya.

Ko a gyaran ma sai da na yi wauta, don ka san ubanka in ya tashi abu ba ya tsayawa tambaya. Na hau kankare bangon a bushe, ƙura ta turnuƙe ɗakin, na shaƙa har na ƙoshi. Na tumɓuke itacen ƙofar na cusa shi a murhu don kada in sake ganinsa, hayaƙin ya bi tukunyar tuwo. Na kwanta ina murɗar ciki har na fid da rai. Da na koma wurin Malam Yohanna ya ji abin da na yi, sai da ya riƙe baki. Shi ya koya mini abin da zan gaya maka yanzu, sauran kuma shekaru suka koya mini.

Ban ce ka bar aikin ba. Da shi na ciyar da kai, kuma in ka bari wani ne zai yi. Amma fenti na wurin aiki ne, a can yake kwana. In ya rage, ka mayar wa mai ajiyar kaya, ko ya ce ya ba ka kyauta ka ce ka gode. In ya ƙi karɓa, kada ka zubar a kwata, kada ka kai rafi, don abin da ka zubar a gangare wani ne zai sha a ƙasa. Ka zuba masa yashi da toka ka gauraya, ka bar shi inda yaro da dabba ba sa kaiwa har ya daskare kamar dutse. Sannan ka nemi tudu nesa da rijiya, nesa da gonar mutane, ka haƙa rami mai zurfi ka binne. Gwangwanin kuwa kada ka yar da shi da kyansa. Duk macen da ta gan shi sai ta ɗauka, kuma ba laifinta ba ne. Ka huda gindinsa da ƙusa, ka murƙushe shi da dutse har ya zama ba ya riƙe ko ɗigon ruwa, ka binne shi tare da sauran. Haka zan yi da naka da zarar jirginku ya tashi. Za ka same shi can bayan Hanwa a ƙarƙashin tsakuwa, in kana son ka kai masa ziyara.

Itacen da aka shafa wa fenti ba makamashi ba ne, ko sanyin Jos ya kai ina. In za ka kankare tsohon bango, ka jiƙa shi tukuna, ka ɗaure hanci da baki. Kada ka ci goro da hannun aiki. Na san ka da goro, kana kan tsani ma kana ɓarawa, na gan ka. Ka wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce kafin ka sa shi a tuwo. Rigar aikinka ka bar ta a wurin aiki, kada Ladi ta wanke ta tare da zanen goyo.

Yanzu ka sake zurfafa hannu a buhun. A ƙasa akwai ɓawon ɗorawa, da curin farar ƙasa, da ƙullin ƙaro. Na san ka iya aiki da su, ko da yake na lura kana yi musu kallon da na yi musu ina shekarunka. Ka jiƙa ɓawon har ruwan ya yi duhu, ka yayyafa wa daɓen ɗakin kana bugawa, zai yi santsi ya yi ƙarfi, gara ma ba ta sonsa. Farar ƙasar ka jiƙa ka tace, ka narka ƙaron a ruwan ɗumi ka zuba, ba za ta bi riga sosai ba. In kana son ado, jar ƙasa tana nan ko'ina, ga shuni, ga baƙin tukunya. Ƙofa da kujera kuwa man kaɗanya ya ishe su. Ba zai kai fenti haske ba, kuma duk shekara sai ka sake. Ka sake ɗin.

Bayan na warke daga ciwon cikin nan, na shiga birni na durƙusa gaban kakanka na gaya masa komai. Ina jira ya tuna mini maganar ƙoƙon nan. Bai tuna mini ba. Sai kawai ya ce a ɗauko masa buhun makuba. Shi da kansa ya zo Tudun Wada, wurin da ya rantse ba zai taka ba, muka sare bangon har ƙasa mai kyau muka sake yaɓe shi. Kakarka ta zo ta zauna da innarka. A ɗakin aka haife ka. Ranar da na fara ganinka ka kama bango ka manna masa baki, na tsaya ina kallo, gabana yana faɗuwa, duk da na san ƙasa ce kawai da ɗorawa. Ka juyo da baki jajir kana dariya. Ka sha tambayata don me ɗakin innarka ne kaɗai a layinmu ba a shafa wa fenti ba, alhali maigidan mai fenti ne, ni kuma in ce maka rowa ce. To yau ka ji rowar.

Akwai abin da ya sa ban iya barin gwangwanin ya hau jirgi ba. Innarka ta ce tun da cikin Ladi ya tsufa take kwaɗayin farar ƙasa, har ta kama ta tana ɓantarar bango a ɓoye tana ci, kamar yadda masu ciki ke yi. A nan bangonmu ne, ba komai. Ka yi tunanin ta a can, ita kaɗai a farin ɗakinka, kana wurin aiki tun safe.

Abin da ke cikinta kuma ɗan farinku ne. Ban ce ka zubar da kunya ba, da ita aka san mu. A gaban mutane ka yi yadda aka saba in kana so. Amma a cikin ɗakinku ba kaka, ba gwaggo, sai kai sai ita. Ka ɗauki abin da Allah Ya ba ku, ka buɗe bakinsa ka duba, ka taɓa cikinsa. Ka gaya wa Ladi, da bakinka, tun kafin ta haihu, cewa in yaron ya ƙi cin abinci ta zo ta faɗa maka kai tsaye, ba kaji za ta faɗa wa ba. In ya ɗago maka hannu ka ɗauke shi, ko garin Jos duka na tsaye a bayanka. In an yi maka dariya ka ce ubanka ne ya sa ka.

Shekaranjiya na gaya wa innarka zan rubuta maka wannan. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Na ce mata akwai abu ɗaya da nake so in sa a takardar, in ta yarda. Ta gane abin da nake nufi. Ta daɗe tana juya faifan, sannan ta ce, "Rubuta. Ni har yanzu bakina ba ya iyawa. Amma wani ya kamata ya san shi bayan mu."

Tun ranar da liman ya raɗa mata shi ban furta shi ba, ko tana raye, ko a bakin kabarinta. Ta zo ta tafi ba ta taɓa jin ubanta ya kira ta ba. Sunan yayarka Rakiya.

In ka yi salla ka sa ta a addu'a da sunanta. In Allah Ya ba ku mace, kuma Ladi ta yarda, ka san sunan da za ka aiko mana. Mu kakanni ne yanzu, ba kunyar da za ta hana mu kiransa da ƙarfi a tsakar gida.

Allah Ya sauki Ladi lafiya, Ya raya abin da za ta haifa. Allah Ya tsare hannuwanka da cikinka, Ya tsare ka bisa tsani da ƙarƙashinsa, Ya maido mana ku uku da ƙafafunku. Allah Ya jiƙan Rakiya, Ya yafe wa ubanta.

Wassalam. Ni ne mahaifinka, Garba.